Fiffiken bayan mota: Aikinsa da abin da ke biyo bayan barinsa a miƙe

Fiffiken bayan mota, wanda makanikai ke kira sifoila, wani faranti ne da ake ɗorawa a ƙarshen bayan motocin gudu domin ya karya iskar da ke bi ta kansu. A wasu motocin a kafe yake, a wasu kuma yana ɓoye a jikin mota sai an kai wani gudu ya tashi da kansa, ya koma idan an sassauta. Wannan na biyun ne wasu masu motoci ke son su bari a miƙe dindindin, galibi domin ado.

Dalilin ƙera shi

Idan mota tana sheƙa gudu, iskar da ke bin rufinta mai santsi takan rage nauyin da ke kan tayoyin baya, riƙon kwalta ya yi rauni. Ƙarfin iskar kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin kan ninka huɗu. Ke nan a gudun kilomita 60 a awa, kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na abin da ake samu a kilomita 120, shi ya sa fiffiken ba shi da wani aikin kirki a cikin gari.

Motar Audi TT ta farko, wadda ta fito a 1998 ba tare da fiffike ba, ta nuna muhimmancinsa. Bayan haɗurra da dama a babban gudu, kamfanin ya kira motocin a tsakanin 1999 da 2000, ya ɗora musu kafaffen fiffike, ya kuma gyara ƙafafunsu. Samfurin da ya biyo baya a 2006 ya zo da mai tashi da kansa a kilomita 120, ya kwanta a 80.

Kafin nan, Volkswagen Corrado ta 1988 da Porsche 911 ta 1989 sun riga sun zo da irinsa, inda na Porsche ɗin ke tashi a kilomita 80. A Bugatti Veyron ta 2005 kuwa, fiffiken yakan miƙe sosai idan an taka birki a babban gudu, ya taimaka wajen tsayar da motar.

Yadda ake barinsa a sama

Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin da yawancin kamfanoni ke sakawa kusa da direba, wanda ke da amfani musamman wajen wanki da duba na'urar. Sai dai a wasu motocin kwamfuta takan karɓe iko da zarar an yi gudu an sassauta, fiffiken ya sake kwanciya. Saboda haka wasu kan ɗaga shi su cire fis ko su zare wayarsa, wasu su sauya umarnin kwamfutar, wasu kuma su cire shi baki ɗaya su kafa marar motsi.

Ribarsa da asararsa

Ta fuskar tsaro, miƙaƙƙen fiffike bai kai wanda ya maƙale a kwance haɗari ba, domin yana inda ake buƙatarsa lokacin gudu. Asarar tana wasu wuraren. Zare waya yakan kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, kuma wanda ya saba ganin fitila a kunne ba zai lura ba ranar da wata matsalar ta gaske ta zo. Haka nan ƙaramin injin da ke ɗaga shi, ko bututun mai a motocin da ke amfani da matsin mai, yakan cije idan ya daɗe bai motsa ba. Barinsa a sama yana kuma buɗe hannuwansa ga ƙura da ruwa, da hannun yara da masu jingina.

Wannan ya fi shafar Arewa, inda ƙurar hunturu ke shiga kowane lungu. Wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, ko ya ratsa yankin Tursa a Ƙaramar Hukumar Rabah, ya san yadda yashi ke haɗuwa da giris ya zama abin da ke cinye ƙarfe.

Matsayin doka

Ƙa'idar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da ita ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Saboda haka fiffiken da aka tsara ya tashi a kilomita 120 ba zai taɓa tashi da kansa a Najeriya ba sai direba ya keta doka.

Ga mai saye

Kusan duk irin waɗannan motoci da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne. Idan mai saye ya tarar da fiffike a miƙe alhali mota tana tsaye, ya dace ya nemi a kwantar da shi a sake ɗagawa a gabansa, ya saurari ƙararsa, ya duba ko ɓangarorin biyu na tashi tare, ya kuma nemi alamar yoyon mai a gindinsa. Sau da yawa abin da ake nunawa a matsayin ado lalacewa ce aka lulluɓe, kuma kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje da kuɗin ƙetare.

Wanda ya riga ya mallaka kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya bar na'urar yadda aka tsara ta, ya riƙa ɗaga ta da maɓalli lokaci zuwa lokaci, yana share ƙurar da ta taru.