Daga Ramin Dara Zuwa Fuskar Waya

Kawuna ya fi shekara arba'in yana buga dara a gindin wata bedi a Isa. Rami talatin ake haƙawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. Ka jera uku, ka cinye ɗan abokin karawarka. Dokar ke nan, amma na ga magidanta sun bar gona ta yi ciyawa a kanta. Da magariba Inna kan aike ni: "Je ka ce wa Kawu tuwo ya huce."

Sayar da wasa ma ba yau aka fara ba. In 'yan kallo suka ɗora goro ko 'yan sulalla, sai gwani ya yi kamar bai ga ramin da zai toshe ba, a raba riba da dare. Sai dai idanu sun yi yawa a gindin bedi. Wanda aka kama, kafin ranar kasuwa labarinsa ya kai Sabon Birni, dara ta ci gida.

Karta ta zo, shari'ar da Sakkwato ta ƙaddamar a 2000 ta kora caca lungu, sannan gidajen kallo suka sayo janareta da PlayStation. Daga baya komai ya koma cikin waya, inda babu ɗan kallo ko ɗaya.

Shi ya sa labarin Koriya ta Kudu bai ba ni mamaki ba. A 2010 aka kori 'yan wasan kwamfuta na StarCraft su 11, har da zakara Ma Jae-yoon, saboda haɗa baki da 'yan caca. A 2011 aka hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa shida na safe. A 2021 aka soke dokar, don yaran sun riga sun koma waya.

A watan Satumban shekarar ne aka katse mana layin waya saboda 'yan bindiga. Ɗan ƙanwata ya yi kwana uku yana jujjuya waya kamar mai zaman makoki, sannan ya lallaɓo gindin bedi. Kawu, da hannu na rawa, ya cinye shi sau uku a jere. Yaron ya dubi ramukan ya ce, "Kaka, ina ake dannawa a sake?"