Asalin Ilimin Sarauta a Ƙasar Hausa

Tun kafin malamai na ƙasar nan su sa alƙalami cikin sha'anin mulki, fuƙaha'u na Gabas sun daɗe suna bahasi a kan wanda ya cancanci a yi masa mubaya'a. Almawardi, alƙalin Bagadaza wanda ya rasu a 1058, ya lissafta sharuɗɗa bakwai cikin Ahkamus Sulɗaniyya, daga cikinsu akwai adalci, da ilimi, da lafiyar gaɓoɓi, da kaifin ra'ayi, da jarumtaka. Duk sifofin mutumin ne shi kansa, kafin ya hau gadon.

Da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai maganar ta sake fuska, domin sarki ya riga ya hau, abin da ya rage shi ne yadda zai riƙe amanar. Cikin risalar da ya rubuta masa, Tajuddini, mai babi takwas, ya bi da shi tun daga kyautata niyya, da tsara waziri da ma'aji da alƙalai, da binciken labarin ƙasa, har zuwa tara dukiya ta hanyar halal da kashe ta inda shari'a ta ajiye. Abin da ya fi nanatawa kuwa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan littafin, shi ne cewa babu musiba irin ta sarki ya sa hijabi tsakaninsa da talakawansa, har mai ƙara ya rasa hanyar kai kukansa, fadawa su zama su ne idonsa da kunnensa.

Bayan shekara ɗari uku masu jihadi suka ɗauko wannan gado. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya ambaci zaluncin sarakunan zamaninsa da sunayen da talaka ya san su, watau jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya kuma soki gadon sarauta ba tare da shawara ba, sa'an nan ya sa farkon tushen mulki shi ne kada a ba da shi ga mai nemansa. Ƙanensa Malam Abdullahi, sa'ad da ya ga zukatan waɗansu abokan tafiya sun karkata ga dawakai da riguna da muƙamai, ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar Makka, amma Kanawa suka tsai da shi suna neman ya karantar da su, nan ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, ya koma gida. Lalle wannan littafi ya fito daga zuciyar da ta ɗanɗani ɗacin ganin nasara tana ɓata mutanen kirki.

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu shi ya kai al'amarin ga gona da kasuwa. Cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, bayan taƙawa da sassauci da zama da malamai, ya ɗora wa amiri nauyin tanadar masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da masu magani, ya rarraba su ƙauye da birni, ya gina ganuwa da gada, ya gyara hanyoyi da kasuwanni, ya sa ido kan ma'aikatansa kada su ci dukiyar jama'a.

Amma fa mas'alar gado ba ta warware yadda Shehu ya rubuta ba. Da ya rasu a 1817 ɗansa Bello aka yi wa mubaya'a, kuma ko da yake iliminsa bai bar wa kowa shakka ba, tutocin jihadi da aka ba malamai don cancantarsu suka zama na gidajensu. A Katsina zuriyar Umaru Dallaji ta riƙe sarauta har 1906, shekarar da Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka naɗa Muhammadu Dikko.