Keso, Babban Adadin Kasuwar Da

Kafin anini da kobo su iso ƙasar Rano, adadin da kowane babban ɗan kasuwa ke riƙe da shi a ka shi ne keso, wato wuri 20,000. Kakana marini ne a nan Lausu. Bai riski zamanin wuri da wayonsa ba, amma ya gaji lissafinsa daga iyayensa, kuma har ya tsufa in zai kwatanta dukiyar wani sai ya ce keso kaza gare shi. Ba abin mamaki ba ne, tunda a tarihin Hausa Bakwai Rano da Kano ake kira Sarakunan Baba, wato baban rini, kuma a da baƙin yadi da wuri ake sayensa.

A wancan zamani shi wurin daga nesa yake zuwa, daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Ba a shirya shi a zare a ƙasar Hausa, sai dai a zube shi a ƙirga. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda ake yi a Tasawa a 1851: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara tsibi na metan ko na dubu. A Kano, a wannan shekarar, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda, keso ɗaya kuwa dala takwas ke nan.

Ni da na koyar da lissafi a firamare, abin da ke burge ni shi ne ƙirar adadin. In ka farfasa 20,000, biyu da biyar kaɗai za ka samu a cikinsa: biyu sau biyar, biyar sau huɗu, ana ninka su da juna. Lambobi 30 ne ke raba shi ba saura. Hauya ta wuri ashirin tana shiga sau 1,000 cif, metan sau 100, hamsa ta dubu biyar sau huɗu. Duk inda mai ƙirga ya tsaya, tsibinsa ya cika.

Wajen rabon gado ne keso ke gardama. Rabi da rubu'i ba matsala. Sumunin matar mamaci 2,500 ne, in mata huɗu ne kowacce ta ɗauki 625. Amma a nemi sulusi, sai a sami 6,666, wuri biyu su yi saura. Sudusi ma haka, 3,333 da ragowar biyu. Wuri kuma ba ya tsaguwa, dole wani ya yafe.

Da wurin Zanzibar ya yi yawa, darajarsa ta zube, ɗaukarsa ta zama aikin jaki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuɗin ƙarfe suka ture shi sannu a hankali. Malaman lissafi na Rano da Kibiya, in kun zo darasin raba lamba, ku ba yara keso su raba wa magada uku.