Lissafin Rumbu a Ƙasar Kontagora

Tun da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a 1864, ƙarfin gari yana cikin rumbunansa. A wancan zamani dawakai da mayaƙa na buƙatar hatsi, kuma a ƙauyukan Kambari da ke kewaye, samame kan sa manomi ya rasa dawar shekara a dare guda.

A lokacin, magidanci ba ya gina rumbu da ka. Yakan ƙirga bakunan gidansa, ya kintata damin da za a ci daga kaka zuwa kaka, ya ware iri, ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Abin da ya saura sai rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai damina ta yi gardama. Ana ɗora gindin rumbu kan duwatsu saboda gara da laima, a zuba dawa da zangarniyarta don ta daɗe. In amfani ya yi yawa, sai a gina wani a gefe.

Bayan Turawa sun ci garin a 1901, biyan haraji da kuɗi ya tilasta sayar da hatsi tun kaka. Sannu a hankali buhu ya maye gurbin dami a lissafi, 'yan kasuwa kuma suka koma tara masara a sito.