Lilon Fuko: igiya da dunƙulen ƙarfe da suka nuna ƙasa na juyawa

A azumin da ya wuce, bayan an sha ruwa, gardama ta ɓarke a wata fadar samari da ke bakin titi a Chétimari, har shayin farko ya huce ba wanda ya waiwaye shi. Wani yaro ne ya nuna bidiyo a wayarsa, inda wani mutum ke rantsuwa cewa ƙasa a tsaye take cik, wai zancen juyawarta ƙaryar 'yan boko ce. Wani ɗalibin lise ya taso masa da hujja: mu nan muna riga mutanen Yamai shan ruwa da minti arba'in da 'yan kai, to me ya kawo haka in ba juyawar ƙasa ba? Sai wani dattijo mai fataucin tattasai, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya ce, "Yaro, ko da ranar ce ke tafiya, ai nan za ta fara faɗuwa kafin Yamai." Dattijon ya fi ɗalibin gaskiya a wannan gaɓar. Fitowar rana da faɗuwarta ba sa raba wannan gardama, domin ko wane ne ke motsi tsakanin ƙasa da sama, abu ɗaya ido zai gani. Wannan tarnaƙi ya riƙe masana shekaru aru-aru, kuma abin da ya kwance shi a idon talaka igiya ce da dunƙulen ƙarfe. A 2026 ne abin ke cika shekara 175.

Tunanin juyawar ƙasa kansa tsoho ne. Aryabhata na Indiya ya faɗe shi a 499. Al-Biruni ya auna shi a ƙarni na 11, ya ga lissafin taurari na fita daidai ta kowace fuska. Kofanikus ya gina littafinsa na 1543 a kansa, Galileyo ya gurfana gaban kotun coci a 1633 saboda shi. Malamanmu na hisabi, daga Birnin Ngazargamu da ke kusa da wannan kogi namu na Komadugu har zuwa Katsina, sun fitar da lokutan salla da kwanakin damina daga tafiyar rana da Kaza da 'ya'yanta, lissafinsu kuma bai ci karo da komai ba, domin aikin ba ya bukatar a san wane ne ke juyawa. Masu neman hujja a doron ƙasa sun sha wuya. A 1791 Guglielmini ya riƙa sako ƙwallayen dalma daga wata doguwar hasumiya a Bologna, a 1831 kuma Reich ya sako su cikin ramin haƙar ma'adinai mai zurfin mita 158 a Jamus, ya samu sun karkata gabas da abin da bai kai santimita 3 ba. Hujja ce, amma irin wadda sai mai ma'auni da haƙurin maimaitawa sau ɗari zai gani.

Léon Foucault, wanda ake furta sunansa Fuko, an haife shi a Paris a 1819. Ya fara karatun likita ya bari saboda ba ya jure ganin jini. Ba gwanin lissafi ba ne irin na manyan majalisar kimiyya ta Faransa, mutum ne mai baiwar hannu, mai rubuta labaran kimiyya a jarida. Wata rana ya ɗaure siririn sandan ƙarfe a bakin injin da ke juya ƙarfe, ya taɓa shi ya kama karkarwa, ya juya injin a hankali, sai ya ga sandan na juyawa amma layin karkarwarsa bai bi shi ba. Daga nan ya gane cewa abin da ke lilo yana riƙe da layinsa, ko da abin da aka rataye shi a jiki ya juya. To in ɗaki na manne da ƙasa, ƙasa kuma na juyawa, dole a ga daɓen ɗakin na zamewa a ƙarƙashin lilon.

A watan Janairun 1851 ya gwada a ɗakin ƙasa na gidansu, da waya mai mita 2 da dunƙule mai kilo 5. Ranar 3 ga Fabrairu ya maimaita a gidan nazarin taurari na Paris da waya mai mita 11, bayan an aika wa masana katin gayyata su zo su ga ƙasa na juyawa. Labari ya kai kunnen shugaban ƙasa Louis-Napoléon Bonaparte, ya ba da umarni a yi shi a fili. A watan Maris aka rataye dunƙule mai kilo 28 da waya mai mita 67 daga ƙololuwar ƙubbar Panthéon. An kafa tsinke a gindin dunƙulen, aka tara jiƙaƙƙen yashi a gefe biyu. Ba da hannu ake sakinsa ba, don kada hannu ya tura shi gefe: ana ja shi a ɗaure da zare, a jira ya natsu, sannan a ƙone zaren da wuta. Zuwa da dawowa ɗaya na cin daƙiƙa 16 da 'yan kai, kuma duk dawowa sai tsinken ya yanki yashin a sabon wuri, milimita biyu da ɗoriya gaba da na baya. A awa ɗaya layin ya karkata digiri 11, yana bin hannun agogo. Mai wanki da ɗan dako da farfesa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon yashi na zubewa.

Kafin shekarar ta ƙare an rataye irinsa a Ingila da Amurka, a majami'ar Reims, a Roma, har Rio de Janeiro, inda layin ke karkata ta ɗaya hannun saboda garin na kudu da tsakiyar duniya.

Masu tarihi sun kawo dalilai kan wannan saurin yaɗuwa. Wasu sun ce lilon ne ya tabbatar wa duniya cewa ƙasa na juyawa. Ban yarda ba, domin a 1851 babu masanin taurari da ke shakkar haka, ita kanta cocin Katolika ta cire littattafan Kofanikus da Galileyo daga jerin haramtattu tun 1835. Wasu kuma sun ce makami ne da aka ƙera don yaƙar addini, kuma wannan ce maganar da ta fi shiga kunnen samarinmu. Suna da abin nunawa: a 1931 gwamnatin Sobiyet ta mayar da majami'ar Ishaƙu Mai Tsarki da ke Leningrad gidan tarihin ƙin addini, ta rataye lilo mai waya mita 98 a ƙubbarta, bai sauka ba sai 1986. Amma wannan amfani ne da aka yi da shi shekara 80 bayan haihuwarsa. Wanda ya gwada shi a Roma a 1851, a cikin majami'a, limamin coci ne, Angelo Secchi, kuma a 1852 an rataye shi a babbar majami'ar Cologne. An zaɓi waɗannan wurare ne saboda su ke da rufi mai tsawo da iska ba ta kaɗawa. Ni a ganina abin da ya yaɗa lilon shi ne bai nemi kowa ya ba da gaskiya ga wani ba. Duk hujjojin da suka gabace shi na cewa ne: ka yarda da mai madubin hangen nesa, ka yarda da mai lissafi. Wannan kuwa cewa yake: tsaya nan rabin awa. Gani ya kori ji. Sarakuna da gwamnatoci sun gane daɗin wannan da wuri, shi ya sa suke son a gan shi a zaurensu.

Na Panthéon bai daɗe ba, domin a ƙarshen 1851 an mayar da ginin coci. Camille Flammarion ya sake rataye shi a 1902, aka kuma mayar da shi a 1995. Fuko kansa ya ƙera wata na'ura mai majaujawa a 1852 da ke nuna abu ɗaya a kan tebur, amma majalisar kimiyya ba ta karɓe shi mamba ba sai 1865, shekara uku kafin mutuwarsa. A ƙarni na 20 lilon ya bar majami'u ya koma gidajen kimiyya. Gidan nazarin taurari na Griffith a Los Angeles na da nasa tun 1935. A 1955 Holand ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar ɗaya, dunƙule mai kilo 91 da aka shafe da zinariya, yana lilo a zauren shiga na hedkwatarta a New York, da maganaɗisun lantarki da ke ƙara masa ƙarfi don kada ya tsaya. A 2001 wasu masu bincike sun rataye wani a tashar Amurka da ke ƙuryar kudancin duniya, inda layin ke cika zagaye a kwana ɗaya. A 2010 wayar da ke riƙe da wani tsohon dunƙulen Fuko a gidan tarihin ƙere-ƙere na Paris ta tsinke, ya faɗi ya lotse. Da Indiya ta buɗe sabon ginin majalisarta ranar 28 ga Mayun 2023, akwai lilo mai mita 22 a cikinsa. Wannan na ƙarshe ya taɓa ni: ƙasar Aryabhata ta sa 'yan majalisarta su riƙa wucewa ta gaban hujjar maganarsa.

Duk wanda ya bi jerin wuraren da ke da lilon zai ga sun yi cincirindo a Turai da Amurka ta Arewa, sun yi ƙaranci a ƙasashe masu zafi. Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce talauci da sakaci. Akwai su, ba na musu. Amma akwai dalilin da ya riga su, kuma Fuko ya faɗe shi tun 1851: saurin karkatar layin ya danganta da nisan wuri daga tsakiyar duniya. A ƙuryar arewa digiri 15 ne a awa. A Paris 11, zagaye ɗaya awa 32 ba kaɗan. A kan layin tsakiya, kamar arewacin Gabon ko tsakiyar Kenya, ba ya karkata ko kaɗan. Mu a Diffa da Chétimari muna digiri 13 da 'yan kai arewa da layin, don haka namu zai karkata digiri uku da rabi a awa, ya cika zagaye cikin awa 104, wato kwana huɗu da sulusi. A Kano awa 115, a Agadas kamar 82. Abin mamaki, mu muka fi mutanen Paris gudu, domin ƙasar da muke takawa na tafiya gabas da fiye da kilomita 1,600 a awa. Sai dai lilo ba gudu yake aunawa ba, murɗawar daɓe yake aunawa, mu kuma ƙasa ɗaukarmu take tana zagayawa da mu fiye da yadda take murɗa mu a inda muke.

Wannan jinkiri na da illa. In wayar ta fi lanƙwasuwa ta gefe ɗaya, ko aka saki dunƙulen da ɗan turi, ko iska ta buge shi, sai ya daina bin miƙaƙƙen layi ya fara zana siffar ƙwai, wannan kuwa kan karkatar da shi da kansa. A Paris juyawar ƙasa ta rinjayi wannan kuskure. A wajenmu kuskuren na iya danne ta, mai kallo ya ga ƙarya yana zaton gaskiya ce. Shi ya sa lilon ƙasa mai zafi ke bukatar hannun da ya fi na Turai kyau: doguwar waya, dunƙule mai nauyi da daidaito, wurin da iska ba ta shiga, da ɗan zoben da Charron ya ƙirƙiro a 1931, wanda wayar ke gogawa a sama ta kashe karkacewar.

Na san abin da za a ce mini. Yankin da ya sha hare-hare tun Fabrairun 2015, inda aka rufe makarantu, inda 'yan gudun hijira suka cika sansanin Sayam, shi ne za a yi wa zancen lilo? Ni kuwa saboda haka nake yi. Yaran da suka rasa shekarun karatu su ne wayar hannu ke ciyar da su duk abin da wani ya ga damar faɗa, kuma musu da baki ba ya gyara wannan. Malamin makaranta ya zana ƙwallo a allo, mai bidiyo ya zana faranti, yaro ya zaɓi wanda ya fi iya magana. Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, ita ta fi cancanta ta ɗauki wannan aiki, kuma kayansa ba su fi ƙarfin maƙeranmu da masu waldarmu ba. Mutanen da suka saba da jigo a bakin Komadugu da guga a rijiya mai gaba ashirin ba baƙin igiya da nauyi ba ne. In aka samu rufaffen wuri mai tsawon mita 20, zuwa da dawowa ɗaya zai ci daƙiƙa 9. In dunƙulen na kaiwa mita ɗaya daga tsakiya, tsinkensa zai matsa santimita 6 a awa, faɗin yatsu uku, a kan yashin da za a ɗebo daga bakin kogi. Wanda ya ƙone zaren bayan sallar la'asar, ya dawo kafin magariba, zai tarar da layin ya bar inda ya bar shi da kusan faɗin tafin hannu biyu.