Argungu, Garin Bakin Gulbi

Gulbin da ya ke ratsa fadamarmu ta Kalgo, kafin ya iso wurinmu sai ya biyo ta Argungu da Birnin Kabi, sa'an nan ya zarce Bunza, ya tafi ya faɗa Kwara. Ruwa ɗaya mu ke sha da mutanen Argungu, shinkafa iri ɗaya mu ke nomawa, amma kakanninmu na ƙasar Gwandu da nasu sun yi shekara kusan ɗari ba su haɗuwa sai da mashi a hannu. Saboda haka ya kamata mu san labarin garin nan, ko da ya ke ba ko'ina ne labarin ya ke yi mana daɗi ba.

Asalin sarautar Kabi daga Muhammadu Kanta ne, wanda ya yi wa Askiya Muhammadu, Sarkin Songai, tawaye wajen 1516, ya gina Surame, ya kewaye ta da ganuwar duwatsu wadda kufanta ya ke nan har yau. Bayan kamar shekara 200 jikokinsa suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. Can jihadi ya same su. Cikin 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo suka ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Argungu a lokacin nan ba wani babban gari ba ne. Kabawa sukan ce sunan ya samu ne daga kiran masunta, "a yi gungu", watau a taru wuri ɗaya.

Abin da ya mai da ita mafakar Kabawa shi ne ruwa. Ƙarfin yaƙin zamanin nan doki ne, doki kuwa ba ya da amfani cikin taɓo. In damina ta yi nisa fadamar nan takan cika ta batse, ta daɗe ba ta janye ba, Bakabe kuwa ya san kowane mashigi kamar yadda ya san ɗakin uwarsa. Duk da haka cikin 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka ci Argungu, aka kashe Sarki Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Shekara 18 ya yi can. Da ya sami komawa gida, sai ya ɗaga tutar tawaye cikin 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya. Tun daga ran nan ba a sāke cin Argungu ba.

Mu mutanen Gwandu ba mu cika son maganar shekarun da suka biyo baya ba, amma gaskiya ita ce an sha wuya ƙwarai. An kashe Nabame a fagen fama cikin 1854, yaƙi bai tsaya ba. Cikin 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a yaƙin Tilli, nan ƙetarenmu wajen Bunza. Sai cikin 1867 aka ƙulla amanar da a ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ta yi shekara 8 ta warware. Sa'an nan Sama'ila, wanda a ke ce wa Sama, ya hau gado cikin 1883, shi ne kuwa ya fi kowa matsa wa garuruwan Gwandu. Wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara runduna mai yawa, har da ta Kano, ya nufi Argungu, aka komo ba nasara. A wannan yaƙi ne Galadiman Kano Tukur ya nuna jaruntaka, abin da ya sa Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sarkin Kano cikin 1893, daga nan Basasar Kano ta tashi. Dubi inda rigimar ƙaramin garin bakin gulbi ta kai.

Da Turawan Ingila suka zo, Sama ya karɓe su lami lafiya cikin 1902, ya zauna bisa gadonsa har 1915. Mashi ya kwanta, amma zukata ba su kwanta ba, sai cikin 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara. Ba a taɓa ganin Sarkin Musulmi ya shiga Argungu baƙo ba sai ran nan. Kabawa suka yi shawarar abin da za su nuna masa. Hawan dawaki dai Sakkwato ta fi su, kuma doki shi ne abin da aka daɗe ana zo musu da shi. Sai suka kai shi bakin ruwa, suka yi masa su. A ganina wannan dabara ce ta manya, gama sun girmama baƙonsu da abin da babu mai yi musu gori a kansa.

Wannan shi ne mafarin bikin kamun kifi da ya fitar da sunan Argungu duniya. Ana yinsa da rani, wajen Fabrairu ko Maris, a wani sashe na gulbin da a ke kira Matan Fada, inda a ke hana su duk shekara don kifi ya tara. Sarkin Ruwa shi ke da iko da wurin, ba mai shiga sai da izninsa. In an ba da alama, masunta dubbai sukan ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, kowa da homa biyu da babban gora wanda ya ke kwanciya a kansa ya yi iyo, ya kuma zuba abin da ya kama ciki. Makaɗa na bin su cikin jirage. Kamar sa'a guda a ke yi, sa'an nan a kawo manyan kifaye ma'auni. Giwan ruwa ita ce yawanci kan ci. Wadda ta ci cikin 2005 ta kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga ta. Akwai kuma wasannin da a ke kira Kabanci, watau tseren jirage da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun da ya wajaba a adana. Ya yi kamar shekara goma ba a yi ba, aka komo da shi cikin 2020.

Wanda ya je ba lokacin biki ba, kada ya komo bai shiga Gidan Tarihin Kanta ba. Tsohon gidan sarauta ne, sarakuna suka zauna cikinsa har 1942, aka mai da shi gidan ajiyar kayan tarihi cikin 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su iri iri, kuma cikin gidan ne a ke binne sarakunan Kabi. Daga Birnin Kabi tafiyar kamar mil 30 ce, mai tashi daga Kalgo da safe ya iya zagaya gidan, ya sauka Matan Fada, ya yi sallar la'asar gida.