Tarihin Idin Almasihu Sarki

Ko da yake mabiya addinin Kirista sun daɗe suna shaida cewa mulki da jalala na Ubangijinsu ne, tun zamanin da Rumawa ke tilasta wa talakawansu ƙona turare a gaban siffar Kaisar, har dattijo Folikab, shugaban ikilisiyar Samirna, ya gwammace a ƙone shi da wuta da ya yi wannan mubaya'a, ba a keɓe wa wannan aƙida ranar idi ta musamman ba sai a ƙarni na 20.

Musabbabin keɓewar kuwa shi ne halin da duniya ta shiga bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da gadajen sarautar Rasha da Jamus da Ostiriya da Turkiyya suka rushe ɗaya bayan ɗaya, sababbin masu iko kuma suka taso, 'yan gurguzu a Rasha tun 1917, Musolini a Italiya tun 1922, kowannensu yana neman ɗa'a marar iyaka, har ya so ya mallaki zukatan mutane bayan ya mallaki wuyansu. Ganin haka, a ranar 11 ga Disamba 1925, shekara 1,600 bayan majalisar Nikiya wadda ta tabbatar wa Kirista aƙidarsu game da Almasihu, Paparoma Fiyus na 11 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Quas Primas, ya yi umurni a riƙa yin idin a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, domin a tuna wa mahukunta cewa ikonsu amana ne, kuma akwai ranar hisabi.

Ba a jima ba aka gwada wannan magana da jini a ƙasar Meziko, inda gwamnatin Shugaba Kayes ta ƙuntata wa ikilisiya a 1926, tawaye ya ɓarke, bai lafa ba sai 1929. A cikin wannan fitina ne aka harbe wani fada mai suna Migel Furo ranar 23 ga Nuwamba 1927 ba tare da shari'a ba. Ya ƙi a ɗaure masa idanu, ya miƙe hannuwansa biyu, gicciye a ɗaya, carbi a ɗaya, yana yi wa Almasihu kirarin sarauta. Hukuma ta sa an ɗauki hotunansa don ta tsoratar da jama'a, amma sai suka zama abin ƙarfafa imani.

A 1969 Paparoma Bulus na 6 ya mayar da idin zuwa Lahadin da ke rufe shekarar ibada, a ƙarshen Nuwamba, daga baya kuma waɗansu ɗariƙu, kamar Angilikan da Lutaran, suka karɓe shi. A Nijeriya, da yake lokacin ya dace da ɗaukewar damina, a ranar ne 'yan Katolika ke fita zagayen gari, fada yana tafe ƙarƙashin laima da jibi mai tsarki a hannunsa, matan zumunta cikin anko suna waƙa a bayansa.

Abin da ya fi cancantar tadabburi shi ne ayoyin Linjila da aka zaɓa a karanta a ranar, domin wata shekara Sarkin yana tsaye a gaban Bilatus ana tuhumarsa, wata shekara yana kan gicciye tsakanin masu laifi biyu, wata kuma yana kan kursiyin hukunci yana saka wa waɗanda suka ciyar da mayunwaci, suka tufatar da matsiraici, suka ziyarci ɗan kurkuku. Da wannan ma'auni ikilisiya ke auna sarauta, kuma duk mai riƙe da akalar jama'a, babba ko ƙarami, ya wajaba ya auna kansa da shi.